Burodi da Nama

Babban karatuna lissafin kuɗi ne.
Wannan na gefe ne, ɗan raɓe,
Talata da Alhamis, ƙarfe biyu, a Akoka,
cikin ɗakin da fankarsa ke kuka kamar tana bin mu bashi.
Mu goma sha ɗaya ne. Ran da aka yi ruwa, mu shida.

Baba ya ce, "Larabawa na ji,
Musulunci kuwa da shi aka yi miki huɗuba.
To su Yahudun fa, Ramlatu, me kika ajiye a wurinsu?"
Yana faɗa yana ƙirga buhunan albasa da haɓa
a gindin tirela, cikin caɓin Mile 12.
Ban amsa ba. Ba ni da amsar tukuna.

Dakta Oyelaran ta ja alli daga dama zuwa hagu.
Haruffa masu kusurwa kamar ɗakunan haya,
kowanne a tsaye shi kaɗai, ba ya riƙe hannun maƙwabci.
Nkiruka ta juya littafinta baibai tana tsaki,
ni kuwa hannuna ya san hanyar tun ina ’yar shekara huɗu.
Alef. Bet.
Kamar an kira sunan ’yan gidanmu da bakin baƙo.

Wata rana ta rubuta baƙaƙe uku kacal:
lam, ha, mim.
Ta ce a bakin Balarabe nama ke nan,
a bakin Bayahude burodi.
Saiwa ɗaya, kowa ya rataya mata abin da ke kwantar masa da yunwa.
Daren nan a Agege na tsaya wurin Tanimu mai tsire,
ya tsaga burodi, ya cusa nama, ya barbaɗa yaji,
na fashe da dariya ni kaɗai.
Ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Ƙara albasa."

Ba kullum ake dariya ba.
Akwai makon da muka karanta kora,
mutanen da suka bar gida da makulli a aljihu,
waɗannan a wannan ƙarni, waɗancan a wancan.
Mujib ya daki tebur ya fice.
Ni ma na ga abin da wayata ta nuna mini da asuba,
na kife littafin kwana uku.
Dakta ta ce, "Ban hana ki fushi ba.
Ki dai san wa ke magana, a wane gari, a wace shekara."

A gosulon doguwar gada, cikin danfo,
gwiwata a bayan wani, kwandasta na rataye a ƙofa,
na buɗe wasiƙar da aka kwafo mana:
wani falke, shekaru kusan dubu da suka wuce,
an tsinci takardarsa a wani ɗaki a tsohuwar Alƙahira.
Larabci yake yi, amma da haruffan Ibrananci.
Barkono ya faɗi. Jirgi ya makara.
Wane har yau bai biya ba.
A gaida tsohuwa, a ce mata ƙafar ta yi sauƙi.

Na tarar da Baba kan tabarma da littafin bashinsa,
Hausa zalla, cikin ajami,
sunayen Yarabawan da suka ɗauki albasa sai an sayar.
Na karanta masa.
Ya sauke tabarau. Janareton maƙwabta na ta ruri.

"Shi wanen, ya biya daga baya?"
Na ce takardar ta yage daga nan.
Ya ce, "To bai biya ba. Na san irinsu."

Ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ja layi ƙarƙashin wani suna.
Sai da na kai bakin ƙofa ya ce,
ba tare da ya ɗago ba,
"Ranar Alhamis, ki tambayo mini nawa ne buhun barkonon."